Gorar da Halliru Ya Ba Ni Ajiya

Masu karatu, sallama gare ku. Yau roƙo ɗaya nake yi: kada ku fara zagina tun daga sama, ku bari in kai ƙasa tukuna. Ni kaina ba na son tuna ranar da aka zo sa ranar aurena, don haka in kun ga ina maimaita magana, tsoro ne bai gama sakina ba.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Radiyya, 'yar autar Malam Illo mai hatsi a Sabon Birni. Ɗinkin hijabi nake yi a gida. Kowa ya san ni da baki, ko akuyar maƙwabta ce ta shigo mana sai ta ji tarihin kakanninta kafin ta fita. Mutum ɗaya ne nake zama bebiya a gabansa, shi ne Baba.

Wanda zai aure ni kuwa Halliru ne. Dogo ne baƙi, da zanen Gobirawa siriri a kumatu, in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu kamar amarya. Da can kaya yake ɗauka a babur zuwa Maraɗi ya dawo da taliya da sabulu, har ranar da ya faɗi ya karye a cinya. Wurin jinyar nan aka fara yi masa allurar kashe ciwo. Daga allura ya koma taramol, daga taramol ya koma duk abin da hannunsa ya kai. Ƙafa ta warke, shi bai warke ba. Wannan duk da bakinsa ya gaya mini tun farkon zuwansa zance, kansa a ƙasa yana tona rairayi da tsinke.

"In gudu na za ki yi, Radiyya, ki gudu yanzu tun ba mu yi nisa ba," ya ce. "Na bar ƙwaya, amma magani nika sha kullum swahe. Metadon aka ce mai."

Ya yi mini bayani. Akwai wani asibiti a Sakkwato, kullum da safe yakan je, nas ta zuba masa ruwan maganin a ɗan kofi ya shanye a gabanta. Ba buguwa yake sa shi ba. Jiki yake riƙe masa, ya hana shi zufa da amai da wannan ƙishin ƙwayar mai sa mutum ya sayar da rigar jikinsa. Shi ya sa ya koma Sakkwato yana tsaron shagon kawunsa, 'yan uwa kuwa suna ta cewa kasuwa ce ta ja shi. Na tambaye shi har yaushe zai riƙa sha, ya ce likita ya ce kamar maganin hawan jini ne, ba a tsinke shi da ƙarfi, a hankali ake ragewa in lokaci ya yi.

Ban gudu ba. Ina sonsa, kuma gaskiyar da ya faɗa mini ta ƙara mini sonsa. Amma ban gaya wa kowa a gida ba, kuma kun san dalili in kun san Baba. Tun da 'yan daji suka harbe ƙanensa Jabir a gona a Tsamaye, aka ce yaran da suka yi harbin ko tsayuwa ba sa iya yi don buguwa, Baba ya yanke hukunci. A wurinsa duk mai shan ƙwaya ɗan bindiga ne da bai samu bindiga ba tukuna. Ta ina za ni fara yi masa bayanin maganin da ake sha don a bar magani?

Ana gobe za a sa rana Halliru ya iso gari. Da la'asar ya tsaya ƙofar gida, farar shadda ta sha ƙurar hanya, ya miƙo mini wani abu a baƙar leda an ɗaure wuyansa da zare. Gorar ruwa ce ƙarama.

"Riƙa min wagga."

"Mi na ciki?"

"Maganina na, na kwanakkin da za ni yi nan. Sun yarda sun ba ni in taho da shi saboda nisa. Cikin 'yan kwalabe sunka zuba min, kowace da takardatta, amma kin san hanyarmu. In 'yan sa-kai sunka buɗe jikka sunka ga kwalabe, wa za shi tsaya karatun takarda? Cewa za su yi 'yan daji nika kai ma kodin, nan take su gama da ni. Shi na nij juye shi nan, niɗ ɗaure kamar rubutu. Ba mai taɓa rubutu."

Gaskiyarsa ce. A shingen hanyarmu ana zazzage buhu, ana kwance ɗankwali, amma ban taɓa ganin wanda ya buɗe gorar rubutun malam ya shinshina ba.

"To mi ya hana ka aje shi wurinka?"

"Ɗakin abokina Kamalu nis sauka. Tsohin abokaina dut can suka taruwa." Ya kalli gefe. "Kuma ban yarda da kaina ba. Na kwana huɗu wuri guda, ni kaɗai da shi. Ke ki riƙa, kullum swahe in zaka ki auna min. Amma ki ɓoye shi nesa, Radiyya. Wanda bai saba ba, maƙurwa guda na iya kashe shi."

Na karɓa ina jin daɗi, wallahi. Har wani fankama nake yi a raina, wai ni ce wadda ya amince wa da ransa. Ina shiga gida na yi karo da Inna tana tankaɗe a bakin ɗaki. Innarmu ba ta barin leda ta wuce ta ba ta san abin da ke ciki ba.

"Ke, mi yab ba ki?"

"Rubutu na, Inna. Wani malami yay yi mai a Sakkwato. Na tsari da waraka."

"Allah sarki, yaron kirki! Samarin yanzu wa ka ta rubutu?"

Na wuce da sauri na tura gorar bayan keken ɗinkina, na jibga mata yadudduka. Ban waiwaya ba, balle in ga ko idon Inna ya biyo ni.

Yanzu bari in gaya muku Safiyatu. Yayata ce, ita nake bi. Aurenta a Isa yake, cikin fari gare ta, ta dawo gida goyon ciki kamar yadda ake yi. Mutum ce mai sanyi, ni wuta ita ruwa. Ita ta koya mini taka keke, ita ke karɓar mini dukan Inna muna yara, kuma ko da ciki ya tsufa ƙafafu suka kumbura ba ta fasa tsokanata ba. "Wanga ango naki," takan ce, "ko hura za shi sha sai ya nemi izinin ludayi." Inna ta daɗe da aika wa malaminta na Gangara ya yi wa Safiyatu rubutun naƙuda, sai hanyar ta lalace, ba mai shiga ba mai fita. Kullum sai ta yi mitar rubutun nan, wai ita duk haihuwarta ba ta taɓa durƙusawa ba ta sha ba.

Ranar sa rana da sassafe Halliru ya zo. Na fito da gorar a ƙarƙashin hijabi, na auna masa a ɗan kofinsa a bayan ƙyauren zaure, ya shanye ya yamutsa fuska. Na duba inda ruwan ya tsaya, daidai wata 'yar gaɓa a jikin gorar, na mayar da ita inda take. Tun asuba kuwa Safiyatu ke riƙe ƙugu tana zagaya tsakar gida. Tsohuwar ungozomar unguwarmu ta zo ta duba ta ce da saura, na fari ba ya gaggawa.

"Ke kuma tahi gidan su Nusaiba," Inna ta ce mini. "Ba a sa ranar ɗiya tana tsaye tsakar gida tana zare ma mutane idanu."

Na sa sabuwar atamfata ruwan ganye mai zanen fitila, na yafa farin mayafi, lallen da aka yi mini jiya ya kama jawur har kan farce. Gidan ƙawata Nusaiba katanga ɗaya ce tsakaninmu. Can na zauna muna cin gyaɗa, ina hawa turmi lokaci lokaci don in samu sabis, don layinmu ya daɗe da zama ado, na Nijar ne ke ɗan kamawa in ka ɗaga hannu sama.

Saƙon Halliru ya shigo: "Su Bappa sun taso da goro. Gabana hwaɗuwa shika yi."

Na rubuta: "Matsoraci. Ai ba kai za a tambaya ba."

"Ajiyata hwa?"

"Tana inda ko ɓera bai sani ba."

Ya turo fuskar dariya. Ku riƙe wannan, masu karatu, don ita ce dariya ta ƙarshe a labarin yau.

Bayan azahar na kasa zama. Tun da hantsi nake jiyo nishin Safiyatu ta kan katanga, sai kuma na lura na daɗe ban ji ba. Na ce wa Nusaiba bari in leƙa, na bi ta ƙofar baya. Tsakar gidanmu cike da mata, ana suyar masa, ana kwashe tuwo a kwanonin baƙi. Daga zaure ana jiyo muryoyin maza. Ɗakin Inna kuwa shiru.

Inna ta tare ni a bakin ƙofa, fuskarta wasai.

"Yi sannu, kwana taka yi. Kai, Radiyya, malamin angonki ƙwarai na! Tun swahe yarinyag ga ka murƙususu, ina ba ta ta lahwa."

"Kina ba ta mi?"

"Rubutun mana."

Ban san lokacin da na ture ta ba, ni da ko ido ba na haɗawa da ita in tana faɗa. Na watsar da yadudduka, na ciro gorar, na yage ledar. Ruwan ya sauka ƙasa da gaɓar nan da kusan yatsa biyu.

"Mi na haka kamar an taɓa miki gwal?" Inna ta ce. "Ɗan kaɗan niz zuba mata a kohin shayi. Ta ce da ɗaci, nic ce ayar Allah ba a tohwar da ita. Ai ba ta mutum guda ba ta, kowa yas sha ta yi mai. In na Malam ya iso sai a rama mai."

Safiyatu na kwance a kan katifa, zani ya zame daga kafaɗarta. Munshari take yi, wani irin munshari mai kauri daga maƙogwaro, ita da muka kwana ɗaki ɗaya tun muna yara ban taɓa jin ta yi ba. Leɓɓanta sun yi duhu kamar ta ci ɗinya. Na girgiza ta, na kira sunanta, na ɗaga fatar idonta. Ƙwayar idon ta tsuke ta koma ɗan ɗigo. Ta ja numfashi ɗaya, sai shiru, shiru, har na ɗauka shi ke nan, sannan ta sake jan wani.

"Bar ta ta huta," ungozoma ta ce daga gefe tana ɓare goro. "Ƙarhi taka tarawa."

Za ni faɗa muku gaskiya ko da za ku tsane ni. Na tsaya. Da gorar a hannuna na tsaya ina tunanin mutanen da ke zaure, da Baba, da abin da zai biyo baya in na buɗe baki. Wata zuciya tana ce mini ai kaɗan ne, ƙila ta yi barcinta ta tashi, ba wanda zai taɓa sani. Ban san tsawon tsayuwar nan ba, amma na yi ta, kuma yayata tana kwance a gabana da ɗa a cikinta.

Na fita da gudu na haye turmin tsakar gida, da sabuwar atamfa, mata suna kallona baki buɗe. Kira na farko bai shiga ba. Na biyu ma haka. Na rubuta wa Halliru saƙo: "Inna ta ba Safiya. Ba ta tashi." Kafin saƙon ya gama tafiya wayar ta yi ƙara.

"Innalillahi! Tun yaushe?" Muryar Halliru ta canza, ban taɓa jin ta haka ba.

"Tun hantsi, ina ji."

"Tana numhwashi?"

"Kaɗan kaɗan. Munshari taka yi."

"Ba kwana ba na, Radiyya, mutuwa ta. Ku juya ta bisa gehe. In ta tsaya ki hura mata iska a baki. Asibiti yanzu yanzu, kuma ki gaya musu sunan shi. Kin ji ni? Sunan shi! Akwai allurad da ka karya shi, amma in ba su san mi tash sha ba, ruwa za su sa mata ta mutu bisa gado."

"Baba na zaure da su Bappanka."

"Ki hwaɗi."

"Halliru, hwasawa za a yi."

"A hwasa! Ga ni nan tahe."

Na sauko na ce wa Inna a kai ta asibiti. Ta dube ni kamar na zare. Asibiti don barci? Ranar da baƙi ke zaure? Kuma wa zai fitar da mai naƙuda daga gidan nan ba da sanin maigida ba? Matan suka fara cewa in yi haƙuri, zumuɗin amarci ne. Na ga in na tsaya yi musu bayani ɗaya bayan ɗaya, sai dai a yi bayanin a kan gawa. Na juya Safiyatu a kan gefenta, na ce wa Nusaiba da ta biyo ni kada ta daina tsunkulinta, na nufi zaure.

Kun san 'ya mace ba ta taka zaure a rana irin wannan. Ni kuwa na ɗaga labule na shiga, mayafina ya faɗi a hanya ban ma sani ba. Dattawa sun yi layi a kan tabarmi, manyan riguna, huhun goro a tsakiya an buɗe shi, kowa ya ɗaga hannu ana shirin shafa fatiha. Baba na zaune kusa da ƙofa, Kawu Attahiru, wan Inna, yana gefensa.

"Ke! Hita!" Kawu ya daka mini tsawa.

"Baba, Safiya za ta mutu."

Hannaye suka sauka. Baba ya ɗago ya dube ni, irin kallon da tun ina yarinya ke sa in manta sunana.

"Haihuwat ta zaka?"

"A'a. Inna ta ba ta abin cikin gorag ga, ta ɗauka rubutu na. Ni nic ce mata rubutu na. Ba rubutu ba na, Baba, magani na. In ba a kai ta asibiti yanzu ba, ita da ɗan dut za su tahi."

"Maganin wa?"

Baffannin Halliru uku suna kallona, ɗaya har da goro a tsakanin haƙora.

"Na Halliru."

"Maganin mi?"

"Na barin ƙwaya."

Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya yi tari. Na ji ƙarar man suyar masa daga tsakar gida. Baba ya miƙe a hankali, ya wuce ta gefena ba tare da rigarsa ta taɓa ni ba, ya shiga cikin gida. Ina jin lokacin da ya kira sunan Safiyatu sau biyu, sannan ya ɗaga murya ya ce a nemo mota.

A bayan a-kori-kurar wani maƙwabcinmu muka kai ta. Inna ta daina magana gaba ɗaya, sai leɓɓanta ke motsi, ta riƙe ƙafar Safiyatu da hannu biyu. Ni kuwa duk sanda numfashin ya tsaya sai in toshe mata hanci in hura mata iska a baki, ina jin ɗacin maganin a leɓena. Tsoro ya sa ko kuka na kasa.

A ƙofar asibiti muka tarar da Halliru, ya riga mu. Da gudu ya taro mu, ƙafar da ta taɓa karyewa tana ja, hularsa babu. Nas ɗin da ke aiki, wata doguwa da ake kira Sista Khadijat, ta tare mu tana tambayar watan cikin.

"Mi tash sha?"

Inna ta buɗe baki, na ga kalmar rubutu na shirin fitowa, sai ta rufe. Halliru ya matso. A gaban Baba, a gaban Kawu Attahiru, a gaban masu jinya da suka taru kallo, ya ce:

"Metadon na, Sista. Nawa na. Ni ka shan shi, asibiti ka ba ni a Sakkwato. Abin da tash sha ya kai na yini guda nawa, ko ya hi." Ya faɗi adadin da yake sha, ya karɓi gorar daga hannuna ya nuna mata inda ruwan yake da safe.

Sista ba ta tsaya yi masa wa'azi ba. Ta ɗaga idon Safiyatu ta duba, ta ruga wani ɗaki, muka ji tana jan akwatuna tana faɗa da wani a kan makulli. Ta dawo da 'yan kwalabe biyu ƙanana. Ta fasa ɗaya, ta zuƙe, ta soka.

Muka tsaya. Ba abin da ya faru. Na kama hannun Inna, ta matse nawa har ƙashi. Sai Safiyatu ta ja wani dogon numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya, ta buɗe ido, ta yi amai, sannan ta riƙe ciki ta ƙwalla ƙara. Ban taɓa jin abin da ya kai ƙarar nan daɗi ba. Inna ta zube ƙasa tana kuka, ni ma sai lokacin hawaye suka zo.

"Kada ku yi murna tukuna," Sista ta ce. Ta juya wajen Baba. "Malam, allurag ga ba ta daɗewa a jiki. Shi kau abin da tash sha sai ya kwana ya yini yana aiki. In ta sake ta, za ta koma yadda kunka kawo ta. Guda ɗai tar rage min. Kuma ɗan da ka ciki shi ma ya sha, in ya hito za shi bukaci abin da ba mu da shi nan. Sakkwato za ku, yanzu."

Kowa ya kalli rana. La'asar ta wuce. Duk wanda ya san garinmu ya san in rana ta karkata direbobin tasha sun ɗaure motocinsu, ko me za ka ba su ba mai shiga hanyar nan. Mai a-kori-kura ya fara ja da baya yana cewa tayarsa ba ta da kyau. Kawu ya kira mutum biyu a waya, kowa ya ce a bari sai da safe.

"Motar Kamalu na nan waje," Halliru ya ce. "Ni za ni tuƙa."

"Ɗan ƙwaya za shi tuƙa ɗiyata?" Baba ya faɗa, ba shi yake kallo ba, bango yake kallo.

"Malam, ko shi ko babu," Sista ta ce. "Ni ba ni iya barin majinyata in bi ku."

Ta zuƙe kwalba ta biyu a sirinji, ta rufe bakin, ta danƙa mini. Ta nuna mini gefen cinyar Safiyatu, ta ce nan za ni soka ko ta kan zani ne. "Amma kak ki yi gaggawa. Guda ɗai ta. In kin yi da wuri, ta ƙare kuna tsakiyar daji. In kin makara kuma, kin makara. Ki bari sai numhwashin ya yi nisa da juna, ta bar amsa kira."

Aka kwantar da Safiyatu a kujerar baya, kanta a cinyata, ƙafafunta a jikin Inna. Baba ya buɗe ƙofar gaba, sai ya tsaya ya waiwayi Kawu Attahiru.

"Ka koma gida. A ɗaure musu goronsu a maida musu."

Halliru ya ji. Amma bai juyo ba, ya tayar da mota. Na ɗauka in ranar nan ta zo ihu za ni yi, ashe ko wurin ajiye zafin babu a ƙirjina, tsoro ya cika ko'ina.

A shingen ƙarshe na bakin gari wani soja ya leƙo, ya ga mai ciki tana murƙususu, ya dubi rana, ya girgiza kai ya ɗaga mana ƙarfen. Daga nan sai gonakin gero da ba a nome ba, da kauyukan da ba hayaƙi. Ba mota a gabanmu, ba mota a bayanmu. Halliru ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Baba na jan carbi, bai kalle shi ba ko sau ɗaya. Duk kurmin da muka tunkara sai in runtse ido in jira ƙarar babura.

Safiyatu tana ta ihu tana yaƙushina, tana kiran Inna, tana cewa bayanta zai tsage. Ni da na wuni ina roƙon Allah ya sassauta mata, yanzu roƙo nake ya ƙara mata ciwon, don muddin tana ihu tana nan. Can ta buɗe ido ta dube ni, ta ce a hankali, "Auta, an sa ranar?" Na ce an sa. Ta yi ɗan murmushi.

Mun wuce Kurawa kaɗan ihun ya fara raguwa. Ya koma nishi. Hannunta da ke damƙe da atamfata ya saki. Na kira ta, ta amsa da ƙyar. Na sake kira, sai leɓe kawai ya motsa. Sirinjin na hannuna yana santsi don zufa, ga daji ta ko'ina, Sakkwato kuwa ko rabin hanya ba mu yi ba.

"Ki yi mata! Radiyya, ki yi mata!" Inna ta fashe da kuka.

"Sista ta ce in jira, Inna."

"Jiran mi? Ki yi!"

Na cire murfin, na mayar, na sake cirewa. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Sai na ji ƙarar carbin Baba ta tsaya. Ya juya kansa a hankali wajen mutumin da ya mayar wa goro, ya dube shi a karon farko yau.

"Halliru. Kai kas san abin ga. Yanzu, ko a jira?"

Halliru ya ɗago ido ta madubi, suka haɗu da nawa. Idanunsa jawur.

"Radiyya, sa kunnenki bisa ƙirjinta. Duk sadda taj ja numhwashi ki ce min."

Na sunkuya na ɗora kunnena. Motar tana gudu, su uku suna jiran bakina, ni kuma ina jiran in ji numfashi na farko.